Ranar Zuba Kankaren Fandisho: Inda Mai Gida Zai Sa Ido

Jama'a, assalamu alaikum. A ce filin da za a yi ginin an share shi, an kafa turaku, an ja igiya. Kafin diga ta taɓa ƙasa, a duba kusurwa: daga kusurwar a auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya, ƙafa 4 a kan ɗayar, tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 cif. In ya gaza ko ya wuce, ɗakin ya karkace ke nan, kuma sai ranar sa tayil za a gane.

Zurfin rami kuwa, ƙasa ce ke yanke hukunci. A jar ƙasa mai tauri, ƙafa 3 kan wadatar wa gidan da ba bene ba. Amma in filinka tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, irin waɗanda suka yi yawa a cikin Kano, ko baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kar ka tsaya a kan "haka muka saba" ta birkila. Nemo injiniya. Faɗin ramin, in bulo mai inci 9 za a ɗora, ya kai ninki uku, wato inci 27.

To, ga kwaɓi. Buhun siminti kilo 50 ne, kusan kwano biyu na lebura. Ma'aunin 1:3:6 na nufin buhu ɗaya, kwano 6 na yashi, kwano 12 na tsakuwa. Wurin ginshiƙan da ke da rodi sai a ƙara ƙarfi zuwa 1:2:4. Ka tsaya da kanka ka ƙirga. Damƙi yashin ka murza. In ya bar maka laka a tafin hannu, mai tifa ya kawo maka ƙasa ne.

Babbar ɓarnar dai a ruwa take. Idan rana ta take, leburori sun gaji, za ka ji ana "ƙaro ruwa, ƙaro ruwa", don kwaɓin ya yi saukin juyawa da shebur. Ba mugunta ba ce, aikin ne da nauyi. Amma buhu ɗaya ba ya buƙatar fiye da kimanin lita 25, jarka guda. Duk ruwan da ya haura haka zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka a ciki. Ku dubi kwaɓin a kan shebur: mai kyau yakan tsaya da kauri kamar tuwo. In ya kwarara, ya lalace.

Ana zubawa ana soka shi da guntun rodi ko katako don iska ta fita. Rodin kuma kar ya kwanta a kan ƙasa, a tada shi inci 2 kankare ya lulluɓe shi, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi.

Washegari a fara ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Lokacin hunturu ko zafin bazara, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Ka sa kuɗin mai ruwa na wannan mako cikin lissafinka tun kafin ka sayi siminti.