Amsoshin Tambayoyinku: Motar da Ke Mutuwa da Zarar An Saki Mukulli

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ɗan'uwa mazaunin jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya ce ya sayi tsohuwar Ford ƙirar 1932, irin wadda Amurkawa ke kira hot rod, an ɗora mata injin Chevrolet mai silinda takwas. Ya ce idan ya murɗa mukulli injin yakan kama, amma da zarar ya saki mukullin sai ya mutu, kuma ya riga ya canja fulogi da kwayil, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, ya wanke kabureta, amma har yanzu jiya i yau.

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma shawararmu ta farko ita ce ka dakata da sayen kaya, domin injin da ya kama ko da na daƙiƙa biyu ne ya riga ya shaida maka cewa mai yana zuwa, fulogi kuma suna ba da tartsatsi. Irin waɗannan motoci samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara haɗa su a shekarun 1930, suna rage musu nauyi suna ƙara musu ƙarfin inji, don haka jiki na wani zamani ne, inji na wani. Ford ta 1932 ta fito ne da batir mai ƙarfin lantarki bolt 6, kuma kan batirin mai alamar tarawa ne ake ɗaurewa a jikin mota, alhali injin Chevrolet ɗin, wanda aka fara ƙera irinsa a 1955, bolt 12 yake so, da kan mai alamar ragewa a jiki. Wayarin ɗin motarka ya bi ta hannun mutane da yawa, kowa ya yi nasa ɗaurin.

A tsarin da ke aiki da kontak, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiribita, na'urar da ke raba wuta ga fulogi, hanya biyu wuta ke bi ta isa kwayil. Lokacin da sitata ke juya inji, ƙarfin batir yana raguwa sosai, saboda haka akwai wata waya da ke tasowa daga ƙaramar ƙusa mai harafin R da ke jikin sitata, ta kai wa kwayil wuta kai tsaye. Da an saki mukulli wannan hanya ta rufe, sai wutar ta koma bin hanya ta biyu, wadda ke ratsa wani ɗan farin tangaran da bai fi tsawon yatsa ba, mai ƙarfe nannaɗe a bayansa, galibi a ɗaure a bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Aikinsa shi ne rage ƙarfin wutar don kada kontak ya ƙone. Abin da ka bayyana alama ce ta cewa hanyar farko lafiyarta ƙalau, ta biyu ce ta yanke.

Don tabbatar da haka, ƙwan fitilar gwaji mai waya ɗaya ya ishe ka. Ka maƙala wayarsa a jikin inji inda babu fenti, ka buɗe mukulli ba tare da ka tayar ba, sannan ka taɓa bakin tangaran ɗin da wuta ke shiga, ka taɓa wanda take fita. Idan kwan ya kama a mashiga bai kama a mafita ba, ka cire tangaran ɗin ka juya bayansa, sau da yawa da idonka za ka ga inda ƙarfen ya tsinke. Idan kuwa ko a mashiga babu wuta, sai ka bi wayar a hankali har zuwa bayan mukulli, musamman inda ta ratsa ramin bango, domin a nan ƙarfe ke cinye roba. Kada ka bar mukulli a buɗe fiye da 'yan mintuna, kwayil zai yi zafi.

Ina roƙonka da ka guji abin da wasu ke yi cikin gaggawa, wato su haɗe bakunan tangaran ɗin biyu da guntuwar waya su kama hanya. Motar za ta tashi, amma ba da daɗewa ba kontak zai ƙone ya bar ka a gefen titi. Sai dai fa ka duba distiribitar da kyau: idan babba ce mai kwayil a cikin murfinta, irin wadda kamfanin General Motors ya yaɗa a motocinsa daga 1975 da sunan HEI, to ita cikakken bolt 12 take bukata, kuma a wannan hali cire tangaran ɗin gaba ɗaya shi ne daidai.

Wasiƙa ta biyu daga wani bakanike ce a Kaduna, wanda ya ce tun da ya sake wa wata tsohuwar Fijo 504 altanato, sai injin ya ƙi mutuwa ko an zare mukulli. Maigida, ka saurari injin tukuna. Idan yana jijjiga yana ƙwanƙwasa kafin ya tsaya, zafi ne da daskararren baƙin hayaƙi a cikin silinda ke kunna mai, babu ruwan waya. Idan kuwa yana tafiya sumul kamar ba a kashe ba, to wuta ce ke komowa daga altanato ta siririyar wayar fitilar caji zuwa kwayil. Ka zare wannan siririyar waya kaɗai, ba kan batir ba, domin cire batir inji na aiki yana iya lalata altanato. Idan injin ya mutu nan take, sai ka tabbatar wayar ta bi ta cikin kwan fitilar caji yadda ya kamata, ko ka sanya mata dayod, wato 'yar na'urar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, gefensa mai zobe yana fuskantar altanato, yadda wuta za ta tafi ba za ta dawo ba.