Jawabin Maraba Ga Kwamishinan 'Yan Sanda, Daga Kwamitin Hulɗar 'Yan Sanda Da Jama'a

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Kwamishina, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai da sauran jama'a, barkanku da zuwa. Yallaɓai, mun gode da ka taka ƙafa har garinmu, kuma muna yi maka ta'aziyyar jami'anka da suka rasu a bakin aiki.

Kokenmu a yau kan bindiga ne. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin rayuwa. Umarnin rundunar mai lamba 237, wanda aka yi wa gyara a 2019, ya taƙaita harbi ga lokacin da ran jami'i ko na wani yake cikin haɗari nan take. Direban da ya ƙi tsayawa a shinge ya yi laifi, amma a ɗauki lambar motarsa a sanar da shingen gaba.

Sau da yawa daga riƙon makamin ɓarnar take farawa. AK-47 na ɗaukar harsashi 30, kuma idan aka sauke makullinta daga sama, matakin farko na ɓarin wuta ne, sai na ƙasa ke fitar da ɗaya-ɗaya. Kurtun da ya kwana a tsaye, harsashi a ɗane, yatsa kan kunama, firgita ɗaya ta ishe shi. Harsashinta na huda ƙofar mota, saboda haka mai auna taya zai iya samun fasinjan baya. Harsashin da aka harba sama ma zai iya saukowa kan wani.

Muna roƙon a ƙirga harsashin kowane jami'i a ma'ajiyar makamai, fita da dawowa, a rubuta, ya sa hannu. Duk harsashin da ya yi giɓi a ba da bayaninsa a rubuce ranar, a tsince kwanson, a killace bindigar.

Sai wanda aka harba. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Har yanzu wasu ma'aikatan jinya na ɗari-ɗari, alhali zubar jini ba ta jira. Takarda daga ofishinka zuwa ga asibitoci da kowane DPO za ta kawar da wannan tsoro.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Bismillah, Yallaɓai.