Harshen Katu: inda kunnen Bahaushe ke da riba, da inda yake tuntuɓe

Malama Binta: Barkanmu da sake haɗuwa. Yau tafiyar mai nisa ce, Malam Habu, sai duwatsun da ke tsakanin Biyetnam da Lawos.

Malam Habu: Wajen mutanen Katu, waɗanda 'yan Biyetnam ke kira Cơ Tu. Ƙidayar 2019 ta samu su dubu 74 da 'yan kai a Biyetnam, galibi a tsaunukan yammacin Da Nang da Hue. Wasu kuma suna lardin Sekong na Lawos. Harshensu ɗan dangin Mon-Kimer ne, kuma reshen da ya haɗa shi da harsunan Bru da Pakoh da Kuy sunan Katu aka ba shi.

Binta: To me ya sa masana tsarin sauti ke ji da shi haka?

Habu: Domin ya riƙe abin da 'yan'uwansa da yawa suka saki. Ɗauki leɓe kawai: akwai p, akwai ph mai fitar da iska, akwai b mai ziza, sannan ga ɓ na haɗiyau. Baƙaƙe huɗu a gurbi ɗaya. Haka t, th, d da ɗ.

Binta: Wato fada da faɗa, kada da kaɗa. Wannan Bahaushe da shi aka yaye shi.

Habu: Ribar ke nan. Baƙon da bai san haɗiyau ba sai an sa shi ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ji yana yin ƙasa wajen furta ɓ. Katu har da na ukunsu a ganɗa, mai kama da ƴ na Fulfulde. Mu ma 'y ɗinmu daga ɗy ya fito, shi ya sa ake jin ɗiya a Sakkwato, 'ya a Kano.

Binta: Ku ɗan tsaya nan, Malam. Waɗanda suka saki b da d ɗin, yaya suka ƙare?

Habu: A Bru da Kuy, zizar ta mutu, b ya koma p, d ya koma t. Amma bambancin bai ɓace ba, ya sauka kan wasalin da ke biye, ya zama ana furta shi da murya mai huci. Kimer, harshen Kambodiya, ita ma ta bi wannan hanya, wasulanta suka rabu gida biyu. Katu bai yi ba, don haka mai son sake gina tsohon harshen dangin, irin aikin da masanin harshe Paul Sidwell ya fitar a 2005, dole ya jingina da shi.

Binta: Sai tuntuɓen. Ni a ganina na farko p da ph ne, tunda mu p da f duk abu ɗaya muke jin su.

Habu: Maganinsa takarda. Riƙe ta yatsa biyu daga baki: ph zai kaɗa ta, p ba zai taɓa ta ba. Kuma kada a bari leɓe ya buɗe kafin lokaci, nan take zai zame ya zama f.

Binta: Na biyu ƙarshen kalma. Bakinmu ya saba rufewa da wasali, shi ya sa muke cewa kofi, buredi.

Habu: Su kuwa p, t, k da hamza duk suna zama a ƙarshe, a rufe baki a bar shi a rufe. In ka ce gapu maimakon gap ka ƙara gaɓar da babu ita. Wasulan ma aiki ne: namu biyar, dogo da gajere su zama goma, nasu kuwa sun kai wurin ashirin. Tsayin ba zai ba mu wuya ba, mun san gari na zama da gari na tuwo. Masu wuyar su ne na tsakiyar baki, kamar wanda ke cikin gươl, babban zauren taron ƙauye. Gyara harshe kamar za ka ce u, ka baje leɓe kamar za ka ce i.

Binta: Karin sauti fa? Maƙwabcinsu, harshen Biyetnam, shida gare shi a karin harshen arewa.

Habu: Katu ba shi da ko ɗaya. Nauyi kullum a gaɓar ƙarshe yake, wadda ke gabanta kuwa guntuwa ce, ana tsallake ta da sauri. Ji sunan kansa: ka ɗin a taƙaice, tu ɗin da ƙarfi. Kuma a wannan guntuwar gaɓa nahawu ke aiki. Masaniyar harshe Nancy Costello ta kawo misalai tun 1966: piih sharewa, paniih tsintsiya, gap yanka da almakashi, ganap almakashin kansa.

Binta: Ɗafa-ciki ke nan, an cusa "an" bayan baƙin farko.

Habu: Daidai. Saura rubutu, kuma nan ne abin ke damuna. A haruffan Biyetnam, b da đ tuni na haɗiyau ne, d kuwa wani sauti ne dabam. Mai rubuta Katu da su sai ya nemo wa b da d na zahiri wata alama, in ba haka ba kalmomi biyu su faɗa rubutu ɗaya.

Binta: Kamar mai tura saƙo a waya ba ƙugiya, ka rasa fadar sarki aka je ko faɗa aka yi.