Ƙofar Kudu ta Cocin Kilpeck

Masu kallo, barkanku da war haka. Yau ina ƙauyen Kilpeck da ke gundumar Herefordshire a yammacin Ingila, dab da iyakar Wales, kuma abin da ya kawo ni shi ne ƙofar kudu ta wannan ƙaramin coci, wanda aka gina wajen shekarar 1140, shekaru saba'in da 'yan kai bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066.

Ku fara duban bakan gizon da ke saman ƙofar, wanda ya zagayo kamar rabin faifai, domin da shi ake gane ginin Normawa tun daga nesa. A ƙarƙashinsa an sassaƙa kurangar inabi da 'ya'yanta, wadda ake kira itacen rai. Sai dai ginshiƙan gefe ne suka fi ɗaukar hankalina. Bari in matso da kyamara. Ga macizai sun nannaɗe suna haɗiye wutsiyar juna, ga kuma mayaƙa biyu a hagu, ɗaya bisa ɗaya, sanye da huluna masu tsini, rassa sun sarƙe musu jiki. A kan ginshiƙin dama akwai fuskar mutum da ganye ke fitowa daga bakinsa. Duk wannan a jikin jan dutsen yankin aka yi shi, kuma har yanzu layukan sassaƙar suna da kaifi, har mutum ya ji kamar bara mai aikin ya ajiye gizagonsa.

Wani ɓangare na dalilin shi ne rumfar katako da ta daɗe tana kare ƙofar daga ruwa da iska, kafin a cire ta a ƙarni na 19.

Tsayuwar nan ta tuna mini da adon da magina ke yi wa fuskar zaure a birnin Zariya, inda gwanintar magini take tarar baƙo tun kafin ya yi sallama. Manoman wannan ƙauye, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba a wancan zamani, ta ƙarƙashin waɗannan siffofi suke shiga kowace Lahadi, kuma ina ganin don su aka yi aikin da wannan natsuwa.

Yanzu ku biyo ni mu zagaya ginin, domin a ƙarƙashin rufin akwai sassaƙaƙƙun duwatsu fiye da 80, ciki har da kare da zomo zaune kafaɗa da kafaɗa.