Amsoshin Tambayoyinku: Baba Ya Hana Sare Gawo

Mai gabatarwa: Jama'a, lokaci ya ƙure mana, bari mu shiga wasiƙu. Wata baiwar Allah daga Tudun Wada tana tambaya ko da gaske toka na hana ƙwari cin wake. Da gaske ne, Hajiya, in waken ya bushe ƙayau kuma tokar ta binne shi sosai.

Wani ɗalibi daga Kawo ya ce, ilimin gargajiya ba camfi ba ne? Ɗana, ka kasa kunne ga ta gaba.

Manomi ne daga Giwa. Ya ce mahaifinsa ya hana a taɓa gawon da ke gonarsu, shi kuwa masu gawayi sun yi masa tayi. Irin wannan ta zo daga Soba da Maƙarfi. Malam, bismillah.

Malamin gona: To, gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa dawa rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saya a buhun yuriya. Shanu su zo cin 'ya'yansa, su bar kashi a gindi. Kamar marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, ramuka kawai ya riƙa haƙawa yana zuba taki, har a 2018 aka ba shi lambar yabo ta duniya...

Mai gabatarwa: Malam, ka tafi Burkina ka bar mu a Giwa! A sare ko kada a sare?

Malamin gona: Kada a sare. Dubi Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, in ya tsiro su zaɓi rassa kaɗan su rene su. Bishiya kimanin miliyan 200 suka dawo a hekta kusan miliyan 5.

Mai gabatarwa: Ka ji, ɗan'uwa na Giwa. Na maimaita saboda na Soba da Maƙarfi: kada a sare. Bayan girbi, kwatanta zangarniyar gindin gawon da ta bakin gona. Haba, kuɗin gawayin da ba zai kai Sallah ba! Ka je ka ba Baba haƙuri.

Mai tambaya kan randa da firij, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.