Lawrence Bragg da Ƙwayar Gishiri

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

An haifi Lawrence Bragg a Adelaide ta ƙasar Ostareliya a 1890. Mahaifinsa, William Henry Bragg, farfesa ne a jami'ar garin. A 1909 suka koma Ingila, uban ya kama aiki a Leeds, ɗan ya shiga Cambridge.

A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa biyu a Munich ta ƙasar Jamus suka haska eksire (X-ray) cikin kiristal, sai farantin hoto ya fito da ɗigo-ɗigo a tsare. Kiristal, wato abu irin ƙwayar gishiri ko lu'ulu'u, wanda atom ɗinsa ke jere bisa tsari ɗaya mai maimaituwa. Laue ya ga ɗigon, amma bayaninsa bai warware su duka ba. Bragg, yana ɗan shekara 22, shi ya gano bakin zaren, ya gabatar a Cambridge a Nuwamban shekarar.

Ku saurara da kyau a nan. Atom suna kwance shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar an jibga tabarmi. Idan hasken ya sauka, wani ya dawo daga shimfiɗar sama, wani daga ta ƙasa. Wanda ya kai ƙasa ya fi yin tafiya, ƙarin tafiyar kuwa ita ce 2d sin θ, inda d take tazarar da ke tsakanin shimfiɗa biyu, θ kuma kusurwar da hasken ya sauka. Idan ƙarin ya yi daidai da tsawon igiyar hasken sau ɗaya, ko biyu, ko uku cif, igiyoyin su haɗa ƙarfi, ɗigo ya bayyana. In ba haka ba, su kashe juna. Wannan ita ce dokar Bragg: nλ = 2d sin θ, inda λ take tsawon igiyar hasken, n kuma 1, ko 2, ko 3.

Mu gwada da gishirin miya. Tazarar shimfiɗa, d, nanomita 0.282 ce (nanomita ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). Eksiren da ake samu daga jan ƙarfe, wanda aka fi amfani da shi yau, tsawon igiyarsa 0.154. A raba 0.154 da 2d, wato 0.564, a sami sin θ = 0.273, kusurwa kusan digiri 16 ke nan. Wurare biyu ɗalibai ke tuntuɓe. Kusurwar θ daga shimfiɗar ake aunata, ba daga layin da ya tsaya a kanta ba kamar a darasin madubi. Sannan na'ura 2θ take nunawa, za ku ga kusan digiri 32, sai kun raba biyu. Hasken fitila kuwa ba zai yi ba, don igiyarsa ta kai nanomita 400 zuwa 700, ita kuma λ ba ta iya wuce 2d.

A 1913 uban ya ƙera na'urar auna waɗannan kusurwoyi, ɗan ya warware tsarin gishiri, wato haɗin sodiyam da kulorin. Dabararsa abin sha'awa ce: ya kwatanta shi da fotasiyam kuloraid. A can fotasiyam da kulorin kowanne na da ilektiron 18, hasken ba ya bambanta su, sai wasu ɗigo su ɓace. A gishiri sodiyam na da 10, kulorin 18, don haka ɗigon na fitowa, amma dishi-dishi. Daga nan ya tabbatar cewa kowane sodiyam kulorin shida ke kewaye da shi, kowane kulorin sodiyam shida. Babu sodiyam ɗaya da ya riƙe kulorin ɗaya nasa shi kaɗai. Wasu masana kimiyyar sinadarai sun daɗe ba su yarda ba.

An ba Lawrence Bragg kyautar Nobel tare da mahaifinsa a 1915, yana da shekara 25, yana bakin daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, watanni kaɗan bayan an kashe ƙanensa Robert a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya. Mutane da yawa sun ɗauka aikin na uban ne, abin ya daɗe yana damunsa. Gaskiya, dokar tasa ce.

Akwai abin da farantin hoto ba ya kamawa: yana nuna ƙarfin kowace igiya, amma ba ya nuna wadda ta riga wata isowa. Ga gishiri ana iya cankowa a gwada. Ga furotin mai dubban atom, ina! Da Bragg ya karɓi shugabancin ɗakin binciken Cavendish na Cambridge a 1938, ya tsaya wa Max Perutz shekara da shekaru kan furotin na jini, har a 1953 Perutz ya nuna cewa liƙa masa atom mai nauyi na zaiba zai buɗe hanya. A shekarar ce kuma masana biyu, James Watson da Francis Crick, suka fitar da tsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a ɗakin nan. Bragg ya koma Landan a 1954, ya rasu a 1971.

To, sai tambayoyi.