Kwafin ajiyarku na jiya ne ko na bara?

(Daga laccar da aka yi wa masu riƙe da rajistar ƙungiyoyin manoma a karkarar Haɗejia)

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kowa a nan zai ce yana da kwafin ajiya na rumbun bayanansa. To, na yaushe ne?

Ku fara duba fayil ɗin kansa, kwanan watansa da girmansa. Idan jiya megabait 40 ne, yau kuma ya koma 3 ko sifili, aikin bai ƙarasa ba. Galibi batirin sola ne ya mutu cikin dare, ko faifan ajiya ya cika, ko an canza kalmar sirri ba a gyara ta cikin umarnin da ke ɗaukar kwafin ba. Masu amfani da manhajar rumbun bayanai ta MySQL, ku buɗe fayil ɗin da mysqldump, wato umarnin ɗaukar kwafinta, ya fitar, ku gangara can ƙasa. Layin ƙarshe zai ce "Dump completed on", sai rana da lokaci. In babu shi, an katse aikin a tsakiya. Masu manhajar SQL Server kuwa, teburin backupset da ke cikin msdb, rumbun da manhajar ke ajiye tarihin ayyukanta, zai nuna muku lokacin da kwafin ya kammala.

Sai dai kwanan wata shi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai ɗan batiri mai kama da kwabo a cikin kwamfuta, CR2032, shi ke riƙe agogo. Idan ya mutu, da an ɗauke wuta agogon zai koma shekarun baya, kwafin yau ya fito kamar tsohon kaya. Wasu na'urorin kuma agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, suke bi, mu a Najeriya muna gabansa da awa 1.

Abin da zai tabbatar muku shi ne ku sauke kwafin, wato ku maido da bayanan da ke cikinsa, a wata kwamfuta daban. Don Allah kada ku sauke shi kan rumbun da ake aiki da shi, zai danne bayanan yau. Ku ƙirga layukan babban tebur da umarnin SELECT COUNT(*) a rumbun aiki da kuma a kwafin, sannan ku nemo shigarwar ƙarshe. Idan an rubuta manomin da ya karɓi taki ranar Laraba da la'asar, dole sunansa ya fito a kwafin daren Laraba.

Malam na baya yana tambaya sau nawa za a yi. Duban girma da kwanan wata kullum da safe, minti 2 ya isa. Sauke kwafi kuwa sau ɗaya a wata, amma lokacin rabon taki da kakar shinkafa, ku yi shi duk mako.